Layin da Ya Ƙi Goguwa

Sati biyar da binne Gwaggo Odessa, Iya Bernadine ta tare ni a bakin akwatunan wasiƙa na unguwarmu, tana dogara sandarta, ta ce ƙanenta Lyle zai zo daga jihar Idaho ranar Lahadi, kuma so yake ya ga gidansu.

"Gidan da aka haife shi," in ji ta. "Shekara huɗu ina ba shi labari a waya, yana cewa tsufa ne ke damuna. Za ka buɗe mana garin, Elwin, ko shi ma an haɗa an binne da ita?"

Na ce zan buɗe.

Garin da take nufi Pinnock ne, garinmu na kan dutse, wanda gobarar daji ta cinye cikin wuni guda shekara bakwai da suka wuce. Da yawanmu da muka tsira muka sauko kwari, muka tare a wannan filin gidajen tirela, irin gidajen da ake ja da mota, tsakanin gonakin shinkafa da babbar hanya. Gwaggo Odessa yayar babana ce, a wurinta nake zaune tun gobarar. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana raba wasiƙu a Pinnock, babu ƙofar da ba ta sani ba, babu karen da bai taɓa bin ta ba. Wata rana ta tsaya a bayana ina wani wasa a kwamfuta, irin wanda ake jera tubali a gina abin da aka ga dama, sai ta ce in matsa mata. Tun ranar ban sake samun kujerar nan yadda nake so ba.

Ta fara da gidan waya. Daga nan ta bi zagayenta na aiki, gida bayan gida, yadda take bi da mota kowace safiya. Da labari ya bazu, mutane suka fara zuwa ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Mai kek ta kawo kek, mai kofi ya kawo kofi, a cika mana falo, ita kuma ta riƙa tafiya da su cikin garin a allo. Ba wanda ke godiya. Gyara ake yi. Wannan ya ce tagar kicin ɗinsu gabas take kallo, waccan ta ce itacen bakin coci bai kai haka tsawo ba, biyu su kaure da gardama a kan launin shagon aski, Gwaggo tana rubutawa a bayan ambulan. Wani lokaci mutum ya yi shiru a tsakiyar gardamar, ya fita waje ya daɗe, ba mai bin sa.

Layi ɗaya ne, a iya sanina, ba ta gina ba, Layin Madrone, wanda shi ne ƙarshen zagayenta. A nan gidanmu yake, ni da babana. Ranar gobarar ya tura ni motar Kawu Merle, mijin Gwaggo, ya ce zai ɗauko takardu ya biyo mu da tasa motar. Ina da shekara goma sha biyar a lokacin. Bai biyo mu ba, wutar ta rutsa da shi. Daga nan makaranta ta fita raina, na ƙare a shagon tayoyi, inda nake har yau. A cikin wasan, in ka kai kwanar layinmu sai ka tarar da fili, ciyawa kawai. Gwaggo takan juya tun kafin a kai can, ni ma ban taɓa tambaya ba. Shi kuwa Kawu Merle ko sau ɗaya bai zauna kallon garin ba. Da ya ji motsin baƙi zai ɗauki jarida ya shige motarsa ya rufe ƙofa.

Da safe Gwaggo ta faɗi, ina wurin aiki. Kawu ya same ta a ƙasa kusa da kujerar, kofinta bai ma huce ba.

Tun daga ranar ba wanda ya taɓa kwamfutar. Allon ya yi baƙi da kansa, amma akwatin bai daina wani ɗan huci ba, siriri, kamar numfashin mai barci. In gidan ya yi tsit sai ka ji shi. Kyanwarmu ta koma kwanciya a kansa saboda ɗumi. Kawu ya ce mini sau biyu, "Ɗakin can numfashi yake yi," ni kuma na ce fanka ce. Ban kashe ta ba, domin Gwaggo ba ta yarda a kashe. Har akwatin batir ta saya ta haɗa mata saboda ɗauke wutar da ake yi ranakun iska. Cewa take, "Ba a kashe gari."

Ranar Asabar bayan karin kumallo na ɗage kyanwar na zauna. Allon ya farka, ga sunaye biyu kamar kullum, nawa da nata. Na danna nawa ba tare da na kalli nata sosai ba. Da ma ta nawa ɓangaren nake buɗe garin ranakun da hannunta ke ciwo.

Wasan ya ce sai an sabunta shi kafin ya buɗe. Na ce to. Ya fara, ya yi nisa, ya tsaya, ya fito da wani saƙo mai lambobi. Na sake, ya sake. Sau uku. Ni ba mai saurin karatu ba ne, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Na ɗauki waya na kwafi lambobin ɗaya bayan ɗaya na bincika. Mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da su, kuma bakinsu ɗaya: a cire wasan gaba ɗaya, a bi sauran tarkacen da ya bari a goge da hannu, sannan a sake sauke shi sabo. Wani ma ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa in ba a goge foldar ba, wahalar banza aka yi.

Na danna cirewa. Layin da ke nuna aikin ya yi ta tafiya har kashi tamanin da uku cikin ɗari, ya kafe. Saƙo ya fito, na rufe shi ban karanta ba, don na ɗauka irin na ɗazu ne. Na nemo foldar wasan na ce a goge. Kwamfutar ta ce ta yi wa kwandon shara girma, ko a goge ta har abada? Na ce a goge. Ta yi ta gogewa, sunaye suna wucewa da gudu, sai ta tsaya ta ce akwai wasu fayiloli da suka ƙi. Na danna a tsallake su. Ba su da yawa, goma sha wani abu.

Na sake sauke wasan. Intanet ɗinmu ba shi da sauri, na wanke kwanuka, na share baranda, na dawo. Ya gama sauka ya ƙi zama, wai akwai tsohon a ciki. Na koma in cire tsohon, aka ce ba a ga abin cirewa ba. Na goge abin da na sauke na sake saukewa, na jira har rana ta take, magana ɗaya. Wasan bai fita ba, bai kuma shiga ba.

Ina zaune ina kallon allon sai wani abu ya faɗo mini a rai, a hankali, kamar ruwan sanyi yana bin baya. Ina Gwaggo take ajiye garin?

Na san amsar tun kafin in gama tambayar. Ni na nuna mata wurin da ake ajiya, ta ce ba ta so, ta yi nisa. A cikin foldar wasan kanta ta sa shi, wai kowace wasiƙa gidanta ake kai ta. Sau nawa na ce mu kwafe shi a wani wuri, tana cewa sai ta gama zagaye. Na buɗe kwandon shara, ba komai. Na buɗe foldar, ga 'yan fayilolin nan da suka ƙi goguwa, su kaɗai, a zube kamar abin da aka tsince a toka.

Na daɗe ban motsa ba. Gidaje ɗari huɗu da wani abu. Coci biyu, makaranta, gadar rafi, shagon askin da aka yi shekara ana faɗa a kan launinsa.

Na kira Tou Vang, abokin aikina. Shi ne mai kan kwamfuta a shagonmu, shi ke gyara na'urar daidaita taya in ta yi gardama. Ina jin ƙarar injin kwance noti a bayansa.

"Kunkuru," in ji shi, don haka suke kirana a shago. "Yau kana hutu kana kuma kirana? Kewata ce ta kama ka?"

Na faɗa masa, ban ɓoye komai ba. Ya yi tsaki mai tsawo.

"Har abada ka danna?"

"Har abada."

"Kuma ka sauke wasan a kai?"

"Sau biyu."

"Kai, mutumina. Ka zubar da madara, ka bi da ruwa ka wanke wurin, ka goge da tsumma." Na ji ya ajiye wani ƙarfe. "To bari mu fara da abin da zai yiwu. Kashe ta ka kunna, wannan maƙalewar za ta saki, ka cire wasan da kyau. Sauran mu gani ranar Litinin."

"A intanet ma haka suka ce."

"To me kake jira? Kashe ka kunna. Rabin aikina ke nan a duniya, kada ka faɗa wa maigida."

Na sunkuya na ɗora yatsa a kan maɓallin. Akwatin da ɗumi, yana ta hucinsa. Ban san abin da ya hana ni ba. Wataƙila halina ne kawai, ba na iya yin abu sai na juya shi. Na ce wa Tou ya ɗan dakata, akwai saƙon da ban karanta ba ɗazu. Na sake gwada goge ɗaya daga cikin fayilolin nan don ya fito, na bi shi da yatsa ina karantawa a fili.

"Wai ba za a iya ba, saboda wani mai amfani da wannan kwamfuta yana riƙe da shi."

"To, shi ya sa na ce ka kashe."

"Wane ne wanin?"

"Ba kowa ba ne, Kunkuru, haka suke rubutawa."

"Sun ce wani yana riƙe da shi. Ni ban riƙe komai ba. Kawu yana waje."

Ƙarar injin ta yi nisa, da alama Tou ya fita bayan shago. Ya ce in koma wurin sunaye in duba da kyau. Na koma. Ga nawa, ga nata, da ɗan hoton motar wasiƙa da ta saka. A ƙasan sunanta akwai ƙaramin rubutu da ban lura da shi ba da safe.

"Me aka rubuta?" in ji Tou.

"Tana ciki."

Muryar Tou ta sauya, ba wasa a cikinta.

"Ɗauke hannunka daga maɓallin nan. Ba ta fita ba ranar. Wasan a buɗe yake ta ɓangarenta, shi ya hana sabuntawar, shi ya hana cirewar. Kana da kalmar sirrinta?"

Ba ni da ita.

Kawu Merle yana bayan gida yana ba tumatirinsa ruwa, waɗanda ya shuka a bokitai. Na tsaya a gefensa har ya gama bokiti biyu.

"Ka tsaya mini a ka kamar mai bin sadaka," in ji shi. "Mene ne?"

"Kawu, na goge garin."

Ya ci gaba da zuba ruwa.

"Duka?"

"Kusan duka. Ban sani ba tukuna."

"Da gangan?"

"A'a."

"To wuta ma ba da gangan ta yi ba." Ya ajiye butar. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Shekara biyar matar nan tana zaune a kujerar can har bayanta ya lanƙwashe. Ina kiranta cin abinci tana cewa saura rufin gidan Hollis."

Na ce na sani. Na ce akwai abin da ya rage, amma sai an shiga ta ɓangarenta, kuma tana ciki har yanzu.

Ya juyo ya dube ni sosai. "Wa ke ciki?"

"Sunanta, Kawu. Ba ta rufe ba ranar da ta faɗi."

Ya goge hannu a wando ya wuce ni ya shiga gida. Hular aikinta tana rataye a bayan ƙofa inda take tun da muka tare. Ya zura yatsa cikin zagayen hular ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki, ya miƙo mini. Na ɗauka zai fita. Sai ya jawo kujerar cin abinci ya ajiye nesa kaɗan da allon, ya zauna a bakinta, kamar wanda ke shirin tashi.

Na rubuta kalmar. Allon ya yi duhu, ya daɗe, har na fara tsoron na kashe abin da hannuna. Sai haske ya dawo.

Ruwa ake yi a cikin wasan, yayyafi. Muna kallon duniyar ta idon Gwaggo, daga inda ta tsaya. A kan baranda take, tana fuskantar hanya. A hannunta akwai falle ɗaya na rufi, a ɗage, tana shirin ɗorawa. Can gaba akwatin wasiƙa ne a kan gungume, ɗan karkatacce, an rubuta lamba a jikinsa.

Na san lambar. Na san karkacewar ma, ni na buge shi da keke ina ɗan shekara tara, babana ya ce a bar shi haka don in riƙa tunawa.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallo ba. Na juya ta a hankali. Ƙofarmu ce, da ragar sauro mai yagewa a ƙasa. Ga kujerar babana ta ƙarfe, ga tarin itacen wuta a jikin bango. Rufin rabi ne, ɗaya rabin sama ce kawai, ruwa yana sauka cikin ɗakina. Gefe da gefe gidajen maƙwabta ne, su Pruett, su Ybarra, har zuwa gidan su Gwaggo a ƙarshen layi, an gama su tsaf. Namu ta bari na ƙarshe.

"Da safe take yi," in ji Kawu daga bayana. "In ka tafi aiki. Ta ce kada in faɗa maka sai ta gama."

"Ka sani ke nan."

"Na san tana yi. Ban duba ba."

A kusurwar allon akwai lissafin kwanaki. A wasan, rabin awa ne kwana guda, kuma ba ta tsayar da shi ba kafin ta faɗi. Kwana dubu ɗaya da ɗari shida da wani abu aka ƙara. Sama da shekara huɗu tana tsaye a barandarmu da fallen rufi a hannu, rana na fitowa tana faɗuwa. 'Yan itatuwan da ta dasa a bakin hanya sun girma, rassansu sun haɗe a sama har layin ya yi duhu. A Pinnock ta gaskiya ba su taɓa kai haka ba.

Na sauko da ita daga barandar na bi layin zuwa kwana, inda ake juyawa a shiga gari. Daidai kwanar hanya ta yanke. Ba rami ba ne, ba bango ba. Fari ne kawai, ba sama ba ƙasa, ruwan saman ma a nan ya tsaya. Na matsa taku ɗaya, hoton ya fara rawa, hucin akwatin ya ƙaru. Na ja da baya da sauri.

"Ina cocin?" in ji Kawu. "Daga nan ana hango cocin."

"Babu, Kawu."

Na sake kiran Tou na faɗa masa abin da muke gani. Ya ce haka ne, wasan ba ya ɗaukar gari duka a lokaci guda, inda mutum yake tsaye kawai yake riƙewa da kewayensa. Abin da ke hannunta shi ne ya ƙi goguwa. Sauran kuwa, bayan saukewa biyu da na yi a kai, kada in sa rai.

"Kada ka sake zuwa bakin farin nan," in ji shi. "Koma inda ka same ta, ka adana, ka kwafe fayilolin a wuri biyu. Uku ma. Sannan ka fitar da ita."

"In fitar da ita."

"In ba ka fitar da ita ba wasan ba zai taɓa gyaruwa ba, Elwin. Haka zai zauna a maƙale."

Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

Na mayar da ita barandar, daidai inda take, fuskarta ga akwatin wasiƙa. Na danna adanawa. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa, sai ya ce an adana. Na kwafe a 'yar ma'ajiyar da ke jikin makullaina, na kwafe a wayata, na aika wa Tou. Na buɗe kowanne na ƙirga fayilolin da yatsa. Goma sha huɗu, goma sha huɗu, goma sha huɗu.

Ban ɗora fallen rufin ba. Na yi niyya, hannuna ya ƙi.

Na kai kibiyar allon kan wurin fita na tsaya. Kawu ya matso da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa tebur. Ya daɗe yana kallon gidansu a ƙarshen layi.

"Matakalar uku ce," in ji shi. "Ta sa huɗu. Ni na zuba simintin, uku ce."

"Zan gyara."

"Shekara arba'in tana hawa, ba ta taɓa ƙirgawa ba." Ya share hanci da bayan hannu. "To sallame ta, ɗan nan. Ta wuce lokacin tashi aiki."

Na danna. Allon ya koma wurin sunaye, ƙaramin rubutun nan ya ɓace daga ƙasan nata. Hucin akwatin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Sai a lokacin na ji agogon kicin, da motocin babbar hanya, da ɗigar famfon da na yi wata ina cewa zan gyara. Kyanwar ta zo ta hau akwatin, ta juya sau biyu, ta sauka ta fita.

Bayan haka cirewar ba ta ɗauki minti ɗaya ba. Wasan ya sauka ya zauna lafiya lau, kamar bai taɓa yin gardama ba.

Ranar Lahadi mutum tara suka zo. Iya Bernadine ce a gaba da kek ɗin tuffa, ƙanenta Lyle a bayanta, dogon tsoho mai hular kaboyi a hannu. Ban bari sun zauna ba. Na tsaya a tsakiyar falo na faɗa musu abin da na yi, daga farko har ƙarshe, ban sa wa kwamfuta laifi ba. Ba wanda ya katse ni. Matar Hollis ta zauna a hannun kujera ta rufe baki da tafinta. Wani daga baya ya juya ya fita, na ji tashin motarsa.

"Gidan namu fa?" in ji Iya Bernadine.

"Babu, Iya."

"Mil ɗari shida mutumin nan ya tuƙo."

"Na sani. Ku yafe mini."

Ta dube ni ta saman tabarau har na sunkuyar da kai. Sannan ta dangwarar da kek ɗin a kan tebur.

"Sau biyu ke nan ana ƙona mini gida," in ji ta, "kuma wannan karon na san wanda ya yi. Nuna mana abin da ya rage."

Na buɗe. Suka matso. Wasunsu ba su taɓa zaton za su sake ganin Layin Madrone ba, ko a allo. Aka tsaya ana kallon itatuwan da suka rufe sama, da rabin rufinmu. Ba wanda ya yi gyara. Lyle ya tambaya ina farin can ya nufa, na ce can ne gari yake.

Sai muka ji buɗe ƙofa. Kawu Merle ne, jaridarsa a hammata, a hannunsa akwatin takalmi. Ya ajiye a gabana. Ambulan ne cike, tsofaffi, bayan kowanne da rubutun Gwaggo: tagar kicin gabas, itacen coci ya yi tsawo, shagon aski shuɗi ne in ji mutum uku, kore in ji biyu.

"Ba a jere suke ba," in ji shi. "Amma na san hanyar. Sau nawa na kai mata abincin rana. Daga gidan waya hagu take yi."

"Dama take yi," in ji Iya Bernadine.

"Hagu, Bernadine. Dama sai ranar da ruwa ya shanye gada."

"Kai da ba ka taɓa zama a ɗakin nan ba za ka faɗa mini?"

Lyle ya jawo kujera kusa da ni ya ɗora hularsa a gwiwa. Ya ce shi bai san gidan waya ba sosai, ya bar garin da wuri, amma gidansu yana bayan makaranta, kuma akwai famfon hannu a tsakar gida wanda ba ya kawo ruwa sai an fara zuba masa. Ya tambaya ko ana iya yin famfo a cikin abin nan. Na ce ana iyawa, sai dai ni ba ni da sauri.

"Sai Laraba zan koma," in ji shi.

Na bi layinmu har kwana, na tsaya a bakin farin. A bayana ana ta gardamar hagu da dama. Na ajiye tubalin farko na hanya, na ajiye na biyu. Kafin in ajiye na uku na juya na dubi barandarmu, ko da yake na san ba kowa a kanta.